Hilux mai fetur da Hilux mai dizal: abin da na gani bayan na yi aiki da su duka biyu

Sana'ata sayar da taki da iri da maganin feshi a Kano, kuma ni da yayana muna da gona a yankin Tudun Wada. Wannan ya sa kusan kullum ina mu'amala da motocin ɗaukar kaya biyu, dukansu Toyota Hilux masu ƙofa huɗu, ƙirar nan da aka fara fitarwa a 2015. Ɗaya tawa ce, injin fetur mai lita 2.7. Ɗayar ta haɗin gwiwarmu ce da Yaya, injin dizal mai lita 2.4, wato mai gas kamar yadda direbobi ke faɗa, da turbo, na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska. Duk biyun giyar hannu ce, kuma duk suna jan taya huɗu. Bodi ɗaya, tanki ɗaya mai cin lita 80, hanya ɗaya suke bi, wani lokacin ma direba ɗaya. Saboda haka bambancin da zan faɗa na inji ne da man da yake sha, ba na wani abu ba.

In mutum ya tare ni a bakin shago ya ce wacce zai saya, bai gaya mini komai game da aikinsa ba, mai fetur zan ce masa. Amma in an loda kaya aka ajiye mini makullai biyu, na mai dizal zan ɗauka. Duka maganganun biyu gaskiya ne a wurina, kuma kowacce da dalilinta.

A takarda mai fetur ce ta fi ƙarfin doki: wajen 164, ita kuwa mai dizal 150. Wannan lambar ce dillalai suke son karanta wa mai saye. Amma mai ɗaukar kaya ba ita ya kamata ya duba ba. Abin dubawa shi ne ƙarfin ja, da kuma lokacin da injin yake ba da shi. Mai fetur tana ba da 245 Nm, wato ma'aunin da ake auna ƙarfin ja da shi, kuma sai inji ya kai juyi wajen 4,000 a minti kafin ta ba da shi duka. Tamu mai dizal tana ba da 400 Nm tun daga juyi 1,600, wato kana ɗan taɓa totur ƙarfin ya riga ya zo.

A kan kwalta daga Kano zuwa Kwanar Ɗangora, mota ba kaya, ba za ka ji wani bambanci mai yawa ba. Mai fetur ma ta fi laushin tafiya, ba ta da ƙara, hira a cikinta ta fi daɗi. Inda magana take fitowa shi ne bayan an sauka daga kwalta a watan Agusta, da buhunan yuriya a baya, hanya ta zama taɓo, ga gangare ga hawa. A nan mai fetur sai ka koma giya ɗaya ko biyu, ka taka totur inji yana kuka, kana wasa da kuloci, har wani lokacin ka ji ƙaurinsa ya shigo cikin mota. Za ta fita, ban taɓa ganin ta kasa aikin da ya dace da ita ba, amma da gumi take fita. Mai dizal kuwa ka sa mata ƙaramar giya, ka saki kuloci a hankali, sai ta riƙa tafiya kamar san huɗa, ba gaggawa ba tsayawa. Wannan rashin buƙatar taka totur da ƙarfi shi ne ma yake hana taya juyawa a banza tana haƙa wa kanta rami.

Haka abin yake in mun bi ta dajin Falgore da Saminaka muka nufi Jos kai wa abokan ciniki kaya. Jos tana kan tudu mai tsayin mita 1,200 ko fiye, iska a can ba ta kai ta Kano kauri ba, kuma injin da ba shi da turbo yana rasa wani kaso na ƙarfinsa in ya hau sama. Mai fetur tana nuna hakan a hawan, musamman in kana son wuce tirela. Turbo yana tura wa mai dizal iskar da take buƙata, shi ya sa hawa bai cika damunta ba. Wanda yake hawa Mambila zuwa Gembu, inda tudun ya fi na Jos, ya fi ni sanin wannan.

Sai dai akwai kuskuren da nake ganin mutane suna yi, kuma yana ci mini rai domin rai ake sa wa a haɗari. Ƙarfin ja ba ya ƙara yawan kayan da mota za ta ɗauka. Sifirin ɗaya ne, birki ɗaya, taya ɗaya, shasi ɗaya. Hilux mai ƙofa huɗu abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, kuma a cikin tan ɗin har da direba da duk wanda ke zaune a ciki. Wato buhun taki mai kilo 50 bai kamata ya kai ashirin ba, buhun masara kuwa takwas ya isa. Mai dizal za ta ja ninkin haka ba tare da ta yi ƙorafi ba, kuma a nan haɗarin yake: inji bai gaji ba, amma birki ya gaji. Wanda kayansa suka fi haka, ba canjin inji yake buƙata ba, babbar mota yake buƙata.

Yanzu maganar mai, wadda ita ce kowa ya fi tambaya. A irin tuƙinmu, da kaya da na'urar sanyaya mota a kunne, mai fetur tana ba ni kilomita 8 zuwa 9 a lita ɗaya a doguwar hanya, a cikin gari kuma ƙasa da haka. Mai dizal tana ba da 11 zuwa 12. Ba wani sirri a ciki: litar dizal ta fi litar fetur ƙarfi a cikinta, kuma injin dizal yana matse iska fiye da na fetur sosai, kusan ninki 15 da rabi, shi kuwa na fetur ninki 10. Da tanki cike, mai fetur za ta kai ka Maiduguri daga Kano, tafiyar kilomita 600 ko kusa da haka, amma idonka yana kan allurar mai kafin ka shiga gari. Mai dizal za ta isa da saura mai yawa. Ga wanda yake bin hanyoyin da ba a son tsayawa ko'ina, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Lissafin da nake ba kowa mai sauƙi ne. Ka duba farashin litar fetur a ranar, ka ƙara masa kashi ɗaya cikin uku. In dizal bai kai wannan kuɗin ba, mai dizal ta fi araha a kowace kilomita. In ya wuce, ribar ta tafi.

Mun ga ɓangarorin biyu da idonmu a 'yan shekarun nan. Dizal ya daɗe ba shi da tallafin gwamnati, kasuwa ce ke yanka masa farashi. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, litar dizal ta tashi daga wajen naira 300 ta doshi 800, alhali fetur yana ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati. A wannan shekarar mai dizal ɗinmu ta fi zama a gida, ba ma fitar da ita sai aikin da ya zama dole. Yaya har ya kawo shawarar mu sayar. Na ce masa, "Yaya, a yi haƙuri tukuna, yanzu ko mun kai ta kasuwa ba mai taya ta da daraja." Daga nan sai ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur, cikin kwanaki lita ta koma wajen naira 500, a Yuli ta haura 600, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. A 2024 ɗin kuma matatar Ɗangote ta fara sayar da dizal, farashinsa ya sauko daga inda ya kai. Tazarar da ke tsakaninsu ta tsuke, sai ga mai dizal ta koma ita ce mai sauƙin ciyarwa. Mota ce da za ka riƙe shekaru, farashin mai kuwa yana iya juyawa cikin wata guda, don haka kada a gina dukan shawara a kan farashin yau.

Abokan cinikinmu na Maraɗi lissafinsu daban ne, domin a Nijar gwamnati ce ke tsayar da farashi, kuma suna da matatar Damagaram tun 2011. A Yulin 2024 an mayar da litar fetur sefa 499, ta dizal 618. A wannan tazarar mai dizal tana da 'yar riba.

Wani abin da ya kamata a faɗa don adalci: duk lokacin da aka shiga wahalar fetur, layi ya miƙe, 'yan bumburutu suka cika bakin titi da jarkoki, famfon dizal yawanci ba kowa a gabansa. Ka shiga ka sha ka fita. Ga ɗan kasuwar da manomi ke jiran takinsa ruwa ya sauka, kwana ɗaya a layi asara ce da ba ta cikin lissafin lita.

To in haka ne, me ya sa nake cewa a sayi mai fetur? Saboda abin da ake zuba wa motar, da hannun da zai taɓa ta in ta samu matsala.

Injin dizal na zamani ba irin na da ba ne. Famfonsa yana matse mai ya kai ma'aunin matsi na bar 2,000 da ɗoriya, kusan ninki dubu na iskar da ke cikin tayar motar, sannan ya feso shi ta ƙofofin nozul da suke da ƙanƙanta ƙwarai, kwamfuta tana ƙayyade lokaci da adadi. Man da kansa shi ne yake sa wa famfon da nozul santsi. In ruwa ya shiga, ko ƙasa, ko an gauraya man da wani abu, ƙarfe ne zai ci ƙarfe. Kuma kowa ya san dizal ɗin da ke yawo a ƙasar nan ba duka ne mai kyau ba. Akwai wanda ake dafawa a ɓoye a dazukan Neja Delta a shigo da shi kasuwa, akwai wanda ya daɗe a tankin ƙasa ruwan sama ya sulale masa, akwai na durom da ba a san inda ya fito ba. A 2020 ƙasashen ECOWAS sun amince a rage sinadarin sulfa a man da ake shigowa da shi zuwa kashi 50 cikin miliyan, abin ya kuma gyaru a manyan gidajen mai, amma takardar doka ba ta bin kowace jarka zuwa ƙauye.

Mun ɗanɗana wannan a ƙarshen wata damina. Direbanmu ya sha mai a wani ƙaramin gidan mai a hanya, bai yi nisa ba ya kira ni: "Alhaji, wata fitila ta kama a gaban mota, kuma ba ta jan totur kamar ɗazu." Na ce, "Ka faka inda kake, kada ka ƙara taka ta." Fitilar matatar mai ce, wadda take kamawa in ruwa ya taru a ƙasan filta. Da bakanike ya je ya kwance, ruwa ne ya fara zubowa kafin mai. Aka sauke tanki aka wanke, aka sa sabuwar filta, Allah ya taƙaita. Da yaron nan ya ce bari ya lallaɓa ya iso gida, da maganar nozul huɗu da famfo ake yi, kuma kuɗinsu na asali ya ninka na fulogi da kwayil ɗin mai fetur sau da yawa. Ribar man shekara guda tana iya tafiya a gyara ɗaya.

Fetur ma ana samun marar kyau. Ba a manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka lalace, layi ya dawo. Amma injin 2.7 yana da haƙuri. In ya sha abin da bai gamshe shi ba, yawanci zai yi ta shaƙewa ne, a wanke tanki, a canza famfon cikin tanki ko fulogi, ya ci gaba da aiki.

Sannan ga maganar bakanike. Injin 2.7 ɗin nan shi ne a cikin bas ɗin Hiace da ake kira Homa, wadda ta cika tashoshin ƙasar nan, shi ne a wasu Prado da Fortuner, kuma shi ne a yawancin Hilux ɗin da 'yan sanda da ma'aikatun gwamnati ke hawa. Wannan yana nufin duk garin da ke da tasha akwai wanda ya san cikinsa. Kayan gyaransa, sabo da na Beljiyam, suna nan a Ƙofar Ruwa, suna nan a Panteka ta Kaduna, ka aika yaro ya dawo da su kafin la'asar. Sarƙa ce ke tafiyar da lokacin injin, ba bel ba, babu turbo, babu wani abu mai rikitarwa. Na sha ganin irinsa a Homa ya yi tafiyar da allon kilomita ya gaji da ƙirgawa, juye kawai ake masa.

Mai dizal ba haka ba. Bakaniken da ya ƙware a tirela ko tarakta ko tsohon injin gas ba lallai ya san wannan ba, kuma abin tsoron shi ne wanda bai sani ba amma ba zai ce bai sani ba. Kowane nozul na wannan injin yana da lambarsa, in an canza shi sai an shigar da lambar cikin kwamfutar motar da na'ura, in ba haka ba inji ba zai daidaita ba. A Kano da Kaduna da Abuja akwai masu wannan aikin, na kuma samu wanda na yarda da shi. Amma in motar ta tsaya maka a bayan Doguwa, sai dai a jawo ta ko a ɗauko mai gyara daga birni. Bakaniken nawa yakan ce mini, "Alhaji, wannan motar ba ta son a gwada, wanda ya sani kaɗai take so."

Hidimar yau da kullum ma ta fi nauyi. A juye ɗaya mai dizal tana shan baƙin mai lita 7 da wani abu, mai fetur ba ta kai 6 ba, kuma na dizal ɗin sai mai kyau saboda turbo. Filtar mai ba a yi mata jinkiri, ba a kuma sayen ta bogi, araha ba ta ado a nan. Lokacin hunturu, da ƙurar da muke sha, filtar iska sai an riƙa dubawa a kai a kai, domin ƙurar da ta wuce ta kan fukafukan turbo take sauka. In an dawo daga doguwar tafiya da kaya, a bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin a kashe, turbo ya huce. Ƙananan abubuwa ne, amma sai mai motar ko direba mai kula. Motar da za ta riƙa yawo hannu-hannu, yau wannan gobe wancan, gara ta zama mai fetur.

Akwai tsaka-tsaki da mutanen karkara suke so, kuma ina ganin dalilinsu: Hilux mai tsohon injin dizal na lita 3.0 marar turbo, wanda ake kira 5L. Ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, ba ta gudu, wuce babbar mota da ita sai an yi dogon lissafi. Amma ta fi sababbin jure man da ba shi da tsabta sosai, kuma masu gyaranta sun fi yawa. Bel ne ke tafiyar da lokacin injinta, haka ma injinan 2.5 da 3.0 masu turbo na ƙirar da ta gabaci ta 2015, don haka wanda ya sayi ɗaya daga cikinsu ya canza bel ɗin tun kafin ya fara aiki da ita, kada ya dogara da abin da aka gaya masa.

Ga wanda yawancin zirga-zirgarsa cikin gari ce, daga gida zuwa kasuwa, kai yara makaranta, zuwa gona ranar Asabar, ban ga abin da zai kai shi ga dizal ba. Gajerun tafiye-tafiye da cunkoso ba sa barin injin ya yi zafin da yake buƙata, baƙin hayaƙi ya riƙa taruwa a hanyoyin iskarsa. Kuɗin sayenta ya fi yawa, kuma kilomitocin da zai yi ba za su mayar masa da bambancin ba. Ranar sayarwa kuma, a kasuwar Kano dai, mai fetur ta fi saurin samun mai saye. Ƙari a kan haka, injin fetur ya fi sauƙin mayarwa ya yi aiki da iskar gas ta CNG da gwamnati ta fara turawa tun 2023. Ni ban mayar da tawa ba, domin tukunyar tana cin wurin kaya a baya, kuma wuraren shan iskar ba su yawaita a hanyoyin da nake bi ba. In aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar a 2020, ya kawo iskar kusa, zan sake duba maganar.

Dizal ta wanda yake kan doguwar hanya ne kusan kullum, da kaya ko da tirelar ja, wanda yake da gidan mai ɗaya ko biyu da ya amince da su kuma ba ya sha a wani wuri, wanda ya san lambar wayar mai gyaran da ke da na'ura. Ɗan kwangila, mai jigilar amfanin gona daga Saminaka ko Dandume zuwa Dawanau, mai aikin rijiyar burtsatse, irin waɗannan za su ci moriyarta sosai. Mu ma don muna cikin wannan sahun ne muka riƙe tamu.

In kuwa ta hannu za a saya, mai dizal tana buƙatar ido fiye da mai fetur. A je da sassafe kafin a tayar da ita, a sa hannu a kan inji a tabbatar da sanyi yake, domin injin da aka ɗumama yana ɓoye laifi. Ta tashi bugu ɗaya. Ɗan hayaƙi na daƙiƙa kaɗan ba komai, amma fari ko shuɗin da ya ƙi ɗaukewa alama ce ta nozul ko turbo ko cikin inji. A buɗe murfin zuba baƙin mai inji yana aiki, in yana huci da ƙarfi kamar zai ture murfin, a bar ta. A tambayi ƙasar da ta fito. Wadda aka ƙera don Turai tana da matatar hayaƙi a salansa da aka yi domin dizal mai sulfa kashi 10 cikin miliyan, a nan tana yawan toshewa, kuma da yawa an riga an fasa ta an yi wa kwamfutar dabara. A leƙa ƙarƙashin allon gaba a ga ko an juya sitiyari daga dama zuwa hagu, in an juya, ni ba na saye ko nawa aka rage. Sannan a biya mai na'ura kuɗin aikinsa ya jona ta, ya karanto yadda kowane nozul yake ba da mai, tun kafin a fara maganar la'ada da dillali.